Abin Da Ya Sa Na Rungumi Keke A Jos

Kalmar keke ta sake ma'ana a garin Jos. Yau idan mutum ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello ko a Farin Gada ya ce keke yake jira, ba wanda zai kawo a ransa abin nan mai ƙafa biyu da sarƙa da ƙararrawa. Kowa zai ɗauka babur ɗin nan mai ƙafa uku yake nufi, watau Keke Napep, wanda Kanawa suke kira A Daidaita Sahu. Har ta kai idan ana son ambaton keken asali sai an yi ƙarin bayani, a ce keke mai ƙafa biyu, tsofaffi kuwa su ce basukur. To da yake a kan wannan keke mai ƙafa biyu nake zuwa wurin aiki tun daminar 2023, na ga ya kamata in bayyana wa masu karatu abin da ya kai ni ga haka, da abin da na tarar a hanya, da kuma abin da mai niyyar sayen keke ya kamata ya duba kafin ya zare kuɗinsa daga aljihu.

Da farko dai, keke ba baƙo ba ne a wannan gari, domin kusan tare suka girma. Keke irin wanda muka sani yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a birnin Kobantiri na Ingila cikin 1885, sa'an nan a 1888 John Boyd Dunlop ya ƙaga tayar da ake hura wa iska. Ba a fi shekara ashirin da haka ba Turawa suka hau wannan tsauni neman kuza. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Bariki-barikin haƙar kuza suka bazu daga Bukuru zuwa Bisichi da Barikin Ladi da Gana Ropp, jama'a suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Borno da Kudu. Tsakanin wannan bariki da wancan kuwa tafiya ce mai nisa ga mai ƙafa, mota kuma ta Bature ce da manyan 'yan kwangila. Saboda haka helima da akawu da malamin asibiti da mai tallan yadi, duk wanda Allah Ya hore wa, keke yake saye.

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗannan mutane. Ya zo daga ƙasar Katsina yana saurayi, ya yi lebura a ramin kuza har ya zama helima, kuma abin da ya fara mallaka mai daraja shi ne baƙin keke ƙirar Raleigh, wanda ya saya da fam da sule tun kafin naira ta fito a 1973. Mahaifiyata takan ba mu labarin yadda yake goge shi da tsumma kowace Jumma'a kafin ya tafi masallaci, da yadda yake ɗaure bakin wandonsa kada sarƙa ta ci, da yadda yake zuwa ofishin En'e ya biya kuɗin lasin, a ba shi 'yar lamba ya maƙala. A lokacin ɗan doka yana iya tare mutum saboda tafiyar dare ba fitila, ko saboda goyo. Wannan duka yana nuna cewa hukuma da jama'a sun ɗauki keke abin hawa ne sosai, mai doka da ƙa'ida kamar mota. Kamfanin Raleigh ma, da ya ga yawan kasuwar Arewa, har masana'antar harhaɗa kekuna ya taɓa kafawa a Kano.

To me ya kawar da keke daga wannan matsayi? Kuɗin man fetur ne. Bayan farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata da ariyas a farkon 1975. A wannan shekara aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas. Masinja ya sayi Honda, akawu ya sayi Vespa, babban akawu ya ci bashin mota, keke kuwa aka miƙa wa yaron gida ya riƙa zuwa cefane. Ko da tattalin arziki ya karye, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, jama'a ba su waiwayi keke ba. Sai aka koma acaɓa, daga baya kuma babura masu araha na ƙasar Sin suka cika gari. A zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, sai Keke Napep ya gaji hanya, ya kuma gaji sunan. Duk waɗannan sauye-sauye abu ɗaya ne ya riƙe su, watau fetur mai araha.

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a jihohin Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: a wancan farashi, albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci bai wuce kuɗin lita 70 ba. Mai Keke Napep ba shi da laifi idan ya ƙara kuɗi, domin shi ma a gidan mai yake saye, ga kuɗin da zai kai wa mai abin hawa da yamma. Amma fasinja ba shi da wanda zai ɗora wa nasa nauyin. Na ga magidanta masu furfura suna takawa daga Bukuru zuwa cikin Jos da sassafe, tafiyar kimanin kilomita 15, don kuɗin motar ya zama na kokon yara.

Ni ɗan jarida ne, aikina yawo ne. Da safe ina ofis, da hantsi ina kotu, da azahar ina sakatariyar jiha ko asibiti, da la'asar in koma in rubuta abin da na samo. Kowace gaɓa ta wannan yawo kuɗi ce. Da na zauna na tara abin da nake kashewa a wata, sai na ga kuɗin hawa ya kama hanyar yin kunnen doki da kuɗin abincin gidana, alhali yawancin wuraren da nake zuwa ba su fi kilomita biyar ko shida daga juna ba. Kuɗin hawan wata uku ya ishe ni sayen keke na hannu mai kyau. Daga nan abin da ya rage mini sai faci, da ɗan baƙin mai na sarƙa, da robar birki jefi-jefi, da taya idan ta sudde. Abin da nake ragewa yanzu shi ne kuɗin makarantar ɗiyata ta fari. Wannan ne ainihin dalilina, sauran fa'idodi daga baya na same su.

Abin da ya fi hawan tudu wuya shi ne idon mutane. Ranar da mahaifiyata ta fara ganina na jingine keke a zaure, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ko dai an sallame ka daga aiki ne kake ɓoye mini?" Na ce, "A'a Inna, aiki yana nan lafiya lau, hawan Kaka ne na gada." Ta yi dariya ta ce, "Shi ai a zamaninsa sarauta ce." Wani abokin aiki kuma ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ina bukatar rance. A ƙofar wata ma'aikata, mai gadin da ya saba ɗaga mini hannu ya tsare ni yana tambayar wanda ya aiko ni, sai da na nuna katin aiki, ya ce, "Yi haƙuri Yallaɓai, ban gane ka ba." Ban ga laifinsa ba, domin mu ne muka koya wa juna auna mutum da abin hawansa. Sau da yawa magidanci ya gwammace ya ci bashi ya zuba wa tsohuwar mota lita uku, da a gan shi yana taka feda.

Wannan hali ba yau ya fara ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi kira ga 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Jaridu suka mai da shi abin zane da barkwanci, ranar da wata motar safa ta ture shi ya faɗa kwalbati kuwa dariya ta ƙaru. Mu 'yan jarida na baya da muka karanta labarin muna iya ganin darussa biyu a ciki. Na ɗaya, maganarsa gaskiya ce, lokacinta ne bai yi ba, domin fetur yana da araha. Na biyu, faɗuwar tasa ta nuna cewa kira kaɗai ba ya isa matuƙar ba a gyara hanya ba, tun da titin da bai bar minista ba, ba zai bar leburan gini ba.

Masu cewa Jos ba garin keke ba ne, tudu suke kafa hujja da shi, kuma suna da 'yar gaskiya. Garin yana bisa tsauni kimanin mita 1,200 sama da teku, ga duwatsu ga kwaruruka, duk wanda ya taso daga Tamina ya nufi wajen Hill Station ko Tudun Wada zai ji a cinyarsa. Amma abin da tsaunin ya karɓa da hannun hagu ya mayar da shi da na dama, domin sanyin garin ya sa mutum yana iya tafiyar rabin sa'a da safe ya isa ofis rigarsa ba ta jiƙe ba, abin da zai yi wa mutumin Sakkwato ko Maiduguri wuya a watan Afrilu. Maganin tudu kuwa giya ce. Yadda take aiki shi ne, idan aka sauko da sarƙa kan ƙaramin faifai na gaba, aka hau da ita kan babban faifai na baya, kowane juyi na feda zai juya taya kaɗan ne, saboda haka tafiya ta ragu amma nauyi ya sauka daga gwiwa. Ana sauya giya tun kafin a shiga tudun, ana cikin juya feda a hankali, domin idan aka bari sai ƙafa ta yi nauyi, sarƙa takan zame ko ta tsinke. Inda tudun ya fi ƙarfi, mutum ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga mai son saye, kekunan da ke kasuwa iri biyu ne manya. Akwai baƙin keke irin na da, mai taya inci 28, ƙirar Phoenix ta Sin ko Hero da Avon na Indiya. Yana da nauyi, ba shi da giya, amma yana da ƙarfin ɗaukar kaya, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Shi ne ya dace da mai dakon kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, irin masu lambun rani da ke noma a bakin tsofaffin kududdufan kuza suna kawo latas da kabeji da karas kasuwa. Akwai kuma keken hawan dutse mai taya inci 26 da giya 18 ko 21, wanda yawanci na hannu ne da ake shigowa da shi daga Turai. Wannan shi ya fi dacewa da ma'aikacin da zai hau tudu ya sauka kullum. Shawarata ita ce a guji mai sifirin a tsakiya da kwalliya mai ɗaukar ido idan farashinsa ya yi araha da yawa, domin sifirin ɗin nauyi kawai yake ƙarawa, yana kuma shanye ƙarfin ƙafa. Araha ba ta ado.

Kafin a yi ciniki a fara duba girma. Mutum ya tsaya ya sa keken tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa, ya tabbata akwai 'yar rata tsakaninsa da sandar sama. Idan ya hau sirdi ya taka feda har ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke laifinsa. Sa'an nan a duba mahaɗan ƙarfen jiki, musamman kusa da wuya da wurin feda, ko akwai tsaga ko sabon walda da aka rufe da fenti. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta, a ga ko tana lilo tana gogar birki. A kama taya a girgiza gefe da gefe, idan tana ƙas-ƙas to boris ya ci. A hau a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. A matse birkin gaba da na baya daban-daban, a tura keken a ga ko sun riƙe. Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin ƙarfen, wadda galibi take ƙarƙashin wurin feda, domin kayan sata suna yawo a kasuwar kayan hannu, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ke amsa tambaya.

Maganar birki tana da muhimmanci a Jos fiye da sauran garuruwa, saboda gangara da ruwan sama. Damina a nan takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, a Yuli da Agusta kuwa ana iya wuni ana yi, wani lokaci har da ƙanƙara. Gargaren ƙarfe mai ƙyalli irin na baƙin keke, da zarar ya jiƙe robar birki takan yi ta sulɓi a kansa kafin ta kama, shi kuwa na alminiyam ya fi riƙo cikin ruwa. Don haka a gangara ana fara taɓa birki tun daga sama, a riƙa matsawa ana saki, ba a danne na gaba shi kaɗai. Ina ajiye rigar ruwa da leda ta nannaɗe littafin rubutu da waya a cikin jaka, kuma na sa wa keken marufin taya don kada taɓo ya zana mini layi a gadon baya. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, safar hannu da hular sanyi da ƙyallen rufe hanci sun zama dole, domin iskar asuba a kan keke takan sandarar da yatsu har su kasa matsa birki.

Ba zan ɓoye wa mai karatu haɗarin da ke ciki ba. Titunanmu an shimfiɗa su ne domin mota. An yi gadar sama a mahadar Sakatariya da ta British America, amma mai keke ba shi da ko taku ɗaya da zai ce nasa ne. Gefen titin da ya kamata ya bi, masu talla da motocin da aka ajiye da tarin yashi sun cinye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai Keke Napep da zai sha gabana ya tsaya cak don ya hangi fasinja, da mai mota da zai buɗe ƙofa bai waiwaya ba, da babbar mota a kwana, wadda direbanta ba ya ganin abin da ke gefensa. Wata safiya wata tirela ta matse ni a kwana har sai da na jefa keken cikin lambatu na tsira da ƙujewar gwiwa, direban bai ma san an yi ba. Ƙa'idodin da nake bi su ne: hannun dama nake bi tare da motoci, kamar yadda ƙasar nan take tuƙi tun Afrilun 1972, ba na tafiya gaba da gaba da su, ina nuna hannu kafin in karya kwana, ba na shiga tsakanin babbar mota da bakin titi, ina sa hular kwano, da magariba kuma fitila fara a gaba, ja a baya, da riga mai haske. Rigakafi ya fi magani.

Fa'idar da na samu ba tare da na nema ba ita ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, domin kare kai daga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. Mu ma'aikatan ɗakin labarai zama ne aikinmu, ga shayi ga tsire, kuma ba mai lokacin zuwa filin wasa. Wanda ya taka keke minti 20 da safe, 20 da yamma, kwana biyar a mako, ya sami minti 200 ba tare da ya ware wani lokaci na dabam ba. Akwai kuma ta iska. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin fiye da kilo biyu na iskar nan da masana suka tabbatar tana ɗumama duniya, ban da hayaƙin da muke shaƙa a cunkoson Tamina. Jos gari ne da sanyinsa ne jarinsa, shi ke kawo baƙi, shi ke sa dankalin Turawa da tufa da sitiroberi su yi a ƙasarsa. Keke ɗaya ba zai gyara yanayin duniya ba, amma mai keke ya san bai ƙara kome a kan ɓarnar ba.

Kada kuma a ɗauka hawan keke alamar ƙasa ta ci baya ce. Ƙasar Holan tana cikin masu arzikin Turai, amma kekunanta sun fi mutanenta yawa. Su ma bayan yaƙin duniya na biyu mota suka runguma, sai da yawan mutuwar yara a titi ya ta da iyaye suka yi zanga-zanga, ga kuma ƙarancin mai na 1973 da ya sa gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na ɗan lokaci, sa'an nan suka dage wajen gina wa keke hanyarsa dabam. Watau rikicin man da ya sa mu muka jingine keke, shi ya sa su suka ɗauko nasu. A birnin Bogota na Kolombiya tun 1974 aka fara rufe wasu manyan tituna domin masu keke da masu ƙafa, abin da ya zama al'adar kowace Lahadi. Kusa da mu kuwa, wanda ya je Wagadugu zai ga maza da mata, ɗalibai da 'yan kasuwa, a kan keke, wasu manyan titunan ma da layinsu na masu ƙafa biyu, ga tseren keke na ƙasar Burkina Faso da ake yi tun 1987. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba garin nan unguwa-unguwa, har aka sami matasan da suka girma ba su taɓa taka wasu sassan garinsu ba. Mai mota yakan ɗaga gilashi ya wuce. Mai keke kuwa tafiyarsa daidai take da ta gaisuwa, dole ya ce sannu, dole a amsa masa, idan tayarsa ta sace kuma mai facin da ya fi kusa shi ne nasa, ko wace unguwa ce. Mai gyaran da na fi yarda da shi dattijo ne da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ina ce masa Baba yana ce mini ɗana, kuma a rumfarsa na sami labarai da yawa da ba a faɗa a taron manema labarai. Ya taɓa ce mini shekaru da dama kekunan yara kaɗai yake gyarawa, sai bayan tsadar mai manya suka fara kakkaɓo na iyayensu daga ɗakin ajiya suna kawo masa.

Duk da haka keke ba na kowa ba ne, ba kuma na kowace tafiya ba. Tsoho da marar lafiya da mai juna biyu da uwa mai yara uku suna bukatar mota, kuma motocin safa na Tin City Metro da gwamnatin jiha ta fito da su a 2024 mataki ne mai kyau. Ni kaina idan aiki ya kai ni Pankshin ko Shendam tasha nake zuwa. Abin da nake cewa shi ne, tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar zuwa takwas ba, ga mai lafiya, keke ya ishe ta, kuma duk wanda ya hau keke ya bar wa mai bukata kujera a mota.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Filato da hukumar raya birnin Jos su keɓe wa masu keke layi a kan hanyar Jos zuwa Bukuru da titin Bauchi da titin Zariya, su raba shi da na motoci da dakali, domin fenti kaɗai ba ya tsare direba, su kuma hana ajiye motoci da kasa kaya a kansa. Ma'aikatu da bankuna da kasuwanni da Jami'ar Jos su kafa turakun ƙarfe kusa da mai gadi inda za a ɗaure keke da kwaɗo. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sa haƙƙin mai keke cikin abin da ake koya wa direbobi a tasha. Ƙungiyoyin ma'aikata da na gama-kai, waɗanda suka saba ba da bashin babur da shinkafar salla, su ƙara da bashin keke da za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi. 

Ga ɗan'uwana ma'aikaci kuwa, wanda albashi ke ƙare masa ran goma ga wata, shawarata ita ce ya ɗauki takarda ya rubuta abin da yake kashewa a hawa, ya auna nisan gidansa da wurin aikinsa, ya ari keke ya gwada hanyar ranar Asabar da safe lokacin da titi ba cunkoso. Mako biyun farko cinya za ta yi tsami, maƙwabta za su yi magana, daga nan duka biyu su lafa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya kiyashe mu da haɗarin hanya, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, amin.